Bikin Kosh'harg a World of Warcraft: an iya girkin, an yi sakaci da asali

A watan Maris na 2023, cikin sabuntawa mai lamba 10.0.7 ta zangon Dragonflight, kamfanin Blizzard ya saka wa World of Warcraft wani jerin ayyuka na musamman don Orkawa, wato korayen ƙattin nan masu haure da wasan ke kira orc. Ladan da ake samu a ƙarshe sulken gado ne, amma ainihin hajar da aka kasa biki ne, Kosh'harg, taron dangogin Orkawa da aka daina yi tun kafin su baro duniyarsu ta Draenor. Wanda ya daɗe yana riƙe da orc zai ji daɗinsa, wannan babu ja. Sai dai ga mutumin da ya tashi a inda ake tambayar “ɗan gidan wa ne?” kafin a tambayi sunansa, akwai wurin da abin ke tsaya wa a maƙogwaro.

Mu fara da abin da ake buƙata, don kada wani ya ƙona data a banza. Wasan na kwamfuta ne, Windows ko Mac, babu shi a waya, babu shi a PlayStation. Kamfanin yana neman a tanadi sarari gigabait 128 a SSD, saboda haka tsohuwar laftof mai faifan da ke juyawa za ta wahalar da mai ita a duk lokacin da ya shiga gari mai cunkoso irin Orgrimmar, babban birnin Orkawa. Saukewar farko ita ce babbar ɗawainiya a Kaduna: a bar ta da dare a kan layin da ba ya ƙidayar data, kuma manhajar Battle.net tana ci gaba daga inda ta tsaya idan an ɗauke wuta. Babu sabar wasan a Afirka, don haka ta Turai ake zaɓa tun wajen buɗe asusu. Ɗan jinkirin layi ba ya ɓata wannan aikin, domin kai kaɗai za ka yi shi, babu tawagar da za ta zage ka idan layinka ya tsinke.

Wasan kyauta ne har mataki na 20, amma wannan jerin sai orc ɗinka ya kai mataki na 50. Ke nan sai an biya kuɗin wata, wanda a Amurka dala 14.99 ne. Ba sai an sayi sabon zangon wasan ba, kuɗin watan ya wadatar. Lokacin da aka fitar da shi an gindaya sharaɗin sai darajarka a wurin mutanen Orgrimmar ta kai ƙololuwa, daga baya aka cire. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar Mag'har, Orkawan nan masu launin ƙasa da aka buɗe wa 'yan wasa a 2018. Su nasu sulken daban ne, wannan bikin na koren orc ne.

Aikin yana farawa a Orgrimmar wajen dattijo Eitrigg, wanda zai tura ka kwarin Alterac, mazaunin dangin Frostwolf, ka tarar da Thrall, tsohon shugaban Orkawa, da iyalinsa wajen tsohon malaminsa Drek'Thar. Daga nan sai a dawo Razor Hill a ƙasar Durotar, inda aka kafa rumfunan bikin. Aggra, matar Thrall, ita ce mai sabuwar shawara. Al'adar da aka gada ta shiga sahun manya, om'riggor, farauta ce kawai: matashi ya fita shi kaɗai da makami ɗaya, ba sulke, ya kashe dabba ya dawo. Ita kuwa ta kawo om'gora, wadda sai an nemi albarka uku, ta ƙasa, ta dangi, da ta magabata. Kai ne za ka fara yin ta. Duka abin bai wuce zaman yamma ɗaya ba, ko da mutum na tsayawa yana karanta kowace magana, kuma ya kamata ya tsaya, don rabin daɗin yana bakin mutanen da ke tsaitsaye a gefen fili waɗanda aikin bai tilasta ka yi musu magana ba.

Albarkar ƙasa tana hannun Rexxar, kuma a nan marubutan sun nuna sun san tsohon kayansu. Zai tura ka Thunder Ridge. Wanda ya buga labarin kafa Durotar a wasan Warcraft III: The Frozen Throne na 2003 zai tuna cewa a wannan kwazazzabon ne Rexxar ɗin ya bi sawun abin da ya tayar da manyan ƙadangarun tsawa, ya tarar 'yan Adam ne suka sare dajin. A 2010 kuma, da zangon Cataclysm ya zo, ruwan kogin Southfury ya malale wurin, dabbobin suka nutse. Yanzu aikinka shi ne ka tsinto tsofaffin iri ka shuka. Gajeren aiki ne, faɗan cikinsa ba wani abu ba ne, amma ma'anarsa ta zauna daram: mutanen da suka kashe tasu duniyar da tsafi, yau an ce ba za a kira ɗansu cikakken mutum ba sai ya rayar da wani yanki na wadda suka zo suka tarar.

Inda aka fi burge ni shi ne albarkar magabata, kuma ba a fagen fama aka yi ta ba, a madafa aka yi ta. Mai dafa abincin Razor Hill, Torka, shi ne jagora. Za ka zaga rumfunan 'yan kasuwa ka sayo kayan haɗi, Durak ɗan Thrall yana biye da kai, sannan ka dafa abinci kala uku: gasasshen naman talbuk mai yaji, gasasshen kifin Southfury, da ƙaguwa da aka dafa da kwakwa. Su ukun ake haɗawa su zama akushin da za a kai wa magabata. Ka duba inda kowanne ya fito. Talbuk dabbar Draenor ce, wato tsohon gida. Kifi da ƙaguwa na Durotar ne, sabon gida. Kwakwar daga Un'Goro take, barkonon kuwa na Zandalar ne, ƙasar abokan ƙawancensu. Babu wanda ya tsaya ya yi maka lacca a kan hijira da cuɗanya, tukunyar ce ta faɗa. Duk wanda ya san yadda girkin gida ke sauyawa idan iyali sun yi shekara talatin a wani gari, a riƙe miyar kaka amma da kayan kasuwar da aka tarar, zai gane wannan nan take. A Kaduna ma ba sai an yi wa kowa bayani ba.

A nan ne kuma mutane suka fi maƙalewa. Girkin da sana'ar dafa abinci ta cikin wasan ake yin sa, ba da danna wani abu a ƙasa ba. Sai ka koyi sana'ar idan ba ka da ita, ka buɗe littafin girkin da aka ba ka don girke-girken su shiga jerinka, ka tsaya kusa da wuta, sannan ka buɗe tagar sana'ar. Idan ba ka ga sunan abincin ba, yawanci matatar da ke ɓoye abin da ba ka da kayan haɗinsa ce a kunne, ko kuma ba ka sayi kayan da yawan da ake nema ba. Rubuta sunan abincin a gurbin bincike ya fi sauri. Kuma kada a cinye ko a zubar da kala ukun kafin a haɗa su, in ba haka ba sai an koma kasuwa.

Mai karatu Musulmi ko Kirista ya san da wannan tun da wuri: sashen ya ƙunshi kai wa ruhohin matattu abinci, su kuma bayyana su sa albarka, kuma shagalin ƙarshe akwai shaye-shaye. Tatsuniya ce ta duniyar da babu ita, amma mai saya wa ƙaninsa ko ɗansa gara ya sani.

To, sai albarkar dangi, wadda ita ce zuciyar abin, ita ce kuma ta fi rauni.

Wakilai shida ne ke tsaye, kowa da tutarsa. Thrall na Frostwolf. Eitrigg na Blackrock, dangin maƙera da suka fitar da Orgrim Doomhammer da Varok Saurfang. Gorgonna ta Warsong, dangin Grom Hellscream. Jorin Deadeye na Bleeding Hollow, ɗan Kilrogg, waɗanda shugabanninsu ke cire ido ɗaya don su hango ranar mutuwarsu. Gorfax Angerfang na Dragonmaw. Thega Graveblade na Shattered Hand. Za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi maka tallan gidansu, ka zaɓi wanda ya kwanta maka. Kamar mai zaɓen shadda a Kasuwar Barci, a ɗaga wannan a ajiye, a ɗaga waccan.

Matsalar ita ce sunan abin gado ne, kuma gado ba a zaɓensa. Bahaushe ya san bambancin. Mutum na iya koyon ƙira, amma ɗan maƙera daban ne, shi ne wanda aka haifa a gidan, wanda ke da taubasai da abokan wasa tun kafin ya iya magana, wanda idan maroƙi ya hango shi zai fara daga kakan kakansa. Mutum na iya tashi daga Katsina ya zauna Zariya har ya zama ɗan gari, amma wannan ma hanya gare shi: zama, aure, maƙwabtaka, shekaru. Wasan bai ba da ko ɗaya cikin biyun da nauyinsa ba. Bai sa ka tono asalinka ba, bai kuma sa dangin da ka zaɓa su gwada ka kafin su karɓe ka ba.

Za a iya kare marubutan, kuma kariyar tana da ƙarfi. A cikin labarin, an tsare Orkawa a sansanoni bayan sun sha kaye a yaƙinsu na biyu da 'yan Adam, dangogi suka cakuɗe, yara da yawa suka tashi ba su san gidansu ba. Thrall kansa a hannun wani ɗan Adam mai suna Aedelas Blackmoore ya tashi a Durnholde, sunan da yake amsawa ma ma'anarsa bawa, sai da ya girma ya san iyayensa sun raɗa masa Go'el. Ga al'ummar da aka yanke wa jijiya haka, a ce kowa ya zo ya zaɓi inda zai jingina ba wauta ba ce. Amma da an ɗauki wannan da gaske, ai a nan labarin yake. Sai a bar ɗan wasa ya bi sawun wani tsohon da ya san mahaifinsa a sansani, ko wata tsaga, ko wani guntun waƙa da uwarsa ke yi, ya gano gidansu, sannan a ba shi zaɓin ya karɓa ko ya juya baya. Wanda ya gano cewa shi jinin Dragonmaw ne, dangin da suka ɗaure sarauniyar dodanni Alexstrasza a Grim Batol suna tilasta wa 'ya'yanta yaƙi, daga baya kuma shugabarsu Zaela ta bi azzalumin shugaba Garrosh, yana da abin da zai yi tunani a kai. Wanda ya zaɓe su don tutarsu ta yi masa kyau ba shi da komai.

Abin da ya ƙara ɓata shi, jarrabawar da ke biyo bayan zaɓin iri ɗaya ce ga kowa. Za ka koma Valley of Trials, inda Orkawa suka saba fara wasa tun 2004, ka bi sawun wata dabba mai farauta da ake kira Gor'krosh wadda ta addabi masu koyon yaƙi, ka kashe ta. Komawa wurin akwai daɗi, har da tsokanar tsohon aikin nan na tsinko wa Galgar 'ya'yan cactus. Amma ɗan Blackrock bai taɓa uwar maƙera ba. Ɗan Shattered Hand, dangin da suka koma 'yan leƙen asiri da kisan mummuƙe a Orgrimmar, bai yi sanɗa ko sau ɗaya ba. Ɗan Frostwolf bai nemi amincewar kyarkeci ba, alhali wannan ita ce alamar gidansu. Ayyuka shida gajeru, kowane dangi da nasa, da sun wadatar. Kamfanin da ya gina nahiya guda a kan waɗannan dangogin a Warlords of Draenor na 2014 ba zai ce bai san abin da ya bambanta su ba.

Shida ɗin ma ba su cika ba. Babu Shadowmoon, dangin masu duban taurari, babu Thunderlord, babu Laughing Skull, babu Burning Blade a cikin abin zaɓa. Ga orc mai aikin shaman, wato mai magana da iska da wuta da ruwa da ƙasa, rashin Shadowmoon babban giɓi ne. Ga matsafi kuwa, wanda wasan ke kira warlock, babu gidan da ya dace da shi ko kaɗan.

Zancen matsafi ya kai mu ga abin da bikin ya taɓa da yatsa ɗaya ya janye. Kosh'harg na asali, kamar yadda littafin Rise of the Horde na Christie Golden ya kawo a 2006, sau biyu ake yin sa a shekara, lokacin da dare da rana suke daidaita, a filin Nagrand a gindin dutsen Oshu'gun. Ana ajiye gaba, kuma a irin wannan taron ne Durotan mahaifin Thrall da Orgrim Doomhammer suka ƙulla abota suna yara duk da ba danginsu ɗaya ba. Amma ta wannan ƙofar ta girmama magabata aka cuce su. Aljani Kil'jaeden ya zo wa babban malaminsu Ner'zhul a siffar matarsa Rulkan da ta rasu, ya ce masa mutanen draenei, maƙwabtansu a Draenor, maƙiya ne. Suka yarda saboda daga bakin magabata ya fito. Abin da ya biyo baya shi ne shan jinin aljani Mannoroth, wanda Grom ya fara kurɓa, da kisan kiyashin da har aka shimfiɗa hanya da ƙasusuwan draenei, hanyar da har yau ana iya takawa a Hellfire Peninsula. Korayen fatar da ɗan wasa ke yawo da ita tabon wannan tsafin ne. Dutsen Oshu'gun kansa ba dutse ba ne, jirgin draenei ne da ya faɗo.

Ke nan idan Orkawa za su dawo da kiran magabata, tambayar farko da dattijo mai hankali zai yi ita ce: ta yaya za mu san su ne? Ga Drek'Thar a zaune, makaho, tsoho, wanda ya yi wancan yaƙin da hannunsa, wanda a Cataclysm ya ƙi taimaka wa Forsaken, wato matattun da aka tayar, a Hillsbrad saboda nadamar abin da shi ya aikata. Babu wanda ya fi shi cancantar ya tsayar da bikin da wannan tambayar. Jerin yana maganar waraka, yana amsa cewa an yi ɓarna, amma yana sauri ya wuce zuwa shagali. Matsafin da ke jan aljani a bayansa zai bi matakan da shaman ya bi, ya karɓi albarkar da ya karɓa. Su ma leburorin nan da ake kira peon, waɗanda tun 2004 ake aiken sabon ɗan wasa ya tashe su daga barci da kulki, an ba su fili a damben ƙarshe, abin dariya ne mai daɗi, amma matsayinsu a al'ummar bai motsa ba.

Sai waƙa. Orkawa a labarinsu suna da lok'amon ta tarihin iyali, da lok'tra ta yaƙi, da lok'vadnod ta jarumin da ya faɗi. Ga al'ummar da ke da rabe-raben waƙa har uku, a yi taron dangogi ba a tsayar da mawaƙi ya jero maka gidan da ka shiga ba, an yi asarar dama. Ka kwatanta da hawan Daushe a Zazzau: kafin ka hango hakimi ka ji tambarinsa da kirarinsa, kuma daga kirarin kaɗai ka san wane gida ne ke tafe. Ko filin dambe, inda kiɗan ɗan wasa ke tayar masa da tsimi tun bai shigo ba. Baiti huɗu ga kowane dangi, da sunan ɗan wasa a ƙarshe, da ya fi tutar da aka bayar tasiri. Abin da aka samu shi ne gaisuwar aka'magosh, albarka gare ka da naka, wadda aƙalla ta hutar da kunne daga lok'tar ogar, nasara ko mutuwa, da aka shekara ashirin ana ihu.

Sulken kansa na ado ne, ba ya ƙara ƙarfi ko kariya. Ana ɗora kamanninsa a kan kayan da kake sawa a wajen masu sauya kamannin kaya da ke Orgrimmar, kuma orc kaɗai ke iya sa shi. Ƙarfe ne da fata da ƙaho, ya zo da launi fiye da ɗaya, ya kuma zauna da kyau a jikin mayaƙi. A jikin mai tsafi ko shaman sai ya zama kamar an sa wa malamin zaure lifidi. An sake komawa gidan jiya: bayan an gama wa'azin cewa orc ba gatari kaɗai ba ne, kyautar da aka miƙa ta ɗan gatari ce. Ana kuma ba da tutar dangin da ka zaɓa, abin wasa da za ka iya kafawa.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne jerin ayyukan bikin sau ɗaya ake yin sa. Kana gamawa rumfuna su watse, Razor Hill ta koma yadda take.  Mutanen Kagoro ba su yi Afan sau ɗaya suka ce an gama ba, kowace ranar 1 ga Janairu suna fitowa, kuma maimaitawar ce ta sa ya zama al'ada. Wanda ke son sake yin waɗannan ayyukan sai ya raini wani orc ɗin daga farko har mataki na 50.

Ga wanda ya riga yana biyan kuɗin wata kuma yana da koren orc, ya je ya yi, yana cikin mafi kyawun jerin gado da wasan ya fitar, kuma sashen girkin kaɗai ya isa dalili. Ga wanda zai canza naira zuwa kuɗin waje don wannan kawai, yamma ɗaya ba ta kai kuɗin wata ba, sai dai idan zai haɗa da zagayen Nagrand ta Outland, ya je Garadar ya ga Geyah kakar Thrall, ya tsaya a gindin Oshu'gun, sannan ya dawo Razor Hill. A bi wannan tsarin kafin a karɓi aikin daga hannun Eitrigg, kuma a kashe kiɗan waya a kunna sautin wasan, don maganganun Drek'Thar da Aggra da murya aka ɗauke su.